Littafin Da Ba A Ɗinkewa

Ummi, 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ba na iya yi miki baki da baki, don kin san halina, da na fara lallashi sai in ƙare da faɗa. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a sama, ya tsare ki a ƙasa, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da kowa. Na cusa ta cikin jakar hannunki ne don ki karanta bayan jirgi ya ɗaga, lokacin da ba ki da halin yi mini gardama.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Amsar tambayarki zan ba ki. Tun da aka ba ki gurbin karatun nan kike bina da maganar littafin Inna Kulu, wai in bar ki ki tafi da shi ki damƙa wa laburaren jami'arku, a ajiye shi a ɗaki mai sanyi inda ba gara, ba yoyon damina, ba mai taɓa shi sai da safar hannu. Kin ce bincikenki a kan karatun mata ne a ƙarni na sha takwas, kuma malamar da za ta duba aikinki ta ga hotunan da kika ɗauka ta yi mamaki ƙwarai. Kullum sai in ce miki za mu gani, ke kuma ki kumbura ki shige ɗaki. To ganin ya zo. Sai dai ki yi haƙuri ki bi ni ta doguwar hanya, domin amsar ba za ta zauna miki ba sai kin ji irin wautar da uwarki ta tafka a kan littafin nan, kuma ba sau ɗaya ba.

Kin ba ni dariya ran da kike gaya mini cewa a ƙasar Turawa ma, a wancan zamani, ana tsegumin mace mai karatu, ana cewa littafin labari zai juya mata kai, ta raina mijinta, ta bar girki ya ƙone. Na ce ashe su ma tukunyarsu suke ji. Nasu ke za ki je ki tono. Abin da ni na sani na nan cikin ganuwar Zariya ne, kuma a bakin mutum ɗaya na ji shi, Gwaggo Dije, ƙanwar kakanki na wajen uba. Kina ƙarama ta rasu, ba na jin kina iya tuna fuskarta.

Ni 'yar Tudun Jukun ce, 'yar ma'aikacin gwamnati, na tashi a gidan da jarida ke kwana a kan tebur. Da aka sa ranar aurena da babanki, ƙawayena na kwalejin horon malamai har jaje suka yi mini. Suka ce cikin birni ne fa, gidan malamai, in aka kama ni da littafin boko a hannu sunana ya gama ɓaci a unguwa. Na yarda da su ban tambayi kowa ba. Babanki ya amince in ci gaba da koyarwa a firamare, amma duk da haka na sa wa raina cewa karatu a cikin gida laifi ne. Sai na zuba littattafan labaraina a cikin babbar kwalla ta jere, na rufe, na ɗora ƙananan a kai. Bayan azahar in saki labule in ciro ɗaya, idona a takarda kunnena a tsakar gida, da na ji takun mutum sai in tura ƙarƙashin matashi. Na daɗe ina zaman ɓarauniya a ɗakina na kaina.

Rannan labari ya yi daɗi, Gwaggo ta yi sallama har ta gaji ban ji ba, sai ganinta na yi a kaina. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, mijinta ya rasu ta dawo gidan wanta, kullum tana tafe da taskirar kaɗinta ko da yake a lokacin ba mai neman zaren hannu. Na miƙe zumbur, littafin ya faɗi. Ta zauna bakin gado ta ce in ɗauka in ci gaba daga inda na tsaya, amma da ƙarfi, ita ma ta ji. Na karanta mata. Ta saurara har ƙarshen babi, ta ce saurayin cikin labarin ba shi da kunya, yarinyar kuma ta cika kuka. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Amarya, an daɗe ana ɓoye karatu a gidan nan. Amma ba mata ake ɓoye wa ba."

Kin ga na yanke wa mutane hukunci tun ba su buɗe baki ba, na cuci kaina da zaman ɗar-ɗar a banza. Ke ma an cika miki kunne da yadda za a kalle ki can, da lulluɓinki da sallarki. Wataƙila wani abin gaskiya ne. Amma ki bari mutum ya nuna miki halinsa da kansa kafin ki raɗa masa suna, kuma kada ki ɓoye abin da kike karantawa don tsoron fuskar da ba ki gani ba tukuna.

Washegari ta kira ni ɗakinta ta sauko da wata gafaka ta jan fata, duk ta yi baƙi don shan hannu. Ke a ɗinke kika san littafin, da koren bangonsa, shi ya sa dole in kwatanta miki yadda na fara ganinsa. Falle-falle yake, ba zare ba gam, yadda littattafan da suke, an haɗa shi tsakanin fata biyu an ɗaure. A ƙasan kowane falle an rubuta kalmar da na gaba ya fara da ita, da haka ake gane jeri. Larabci ne manya-manya, hukuncin tsarki da salla da azumi da gado, a tsakanin layuka kuma ƙananan ajami suna fassarawa da Hausa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da wuya ki ga falle biyu sun yi kama. Wani takardarsa mai kauri ce, launin ƙasa, wani fari tas, wani ma daga littafin rubutun 'yan makaranta aka yago shi, da shuɗɗan layukansa. Hannun rubutun ma daban-daban, wani a tsaye, wani a karkace kamar mai shi na sauri kada tuwo ya kama. A gefen kowane falle kuma akwai sunan mace.

Gwaggo ta zaro wani ɗan ƙarami, ta fito da ni tsakar gida, ta ɗaga shi saitin rana ta ce in duba. Ummi, a cikin jikin takardar, ba a kanta ba, sai ga jinjirin wata guda uku a jere. Ta ce wannan takarda ta keto hamada a bayan raƙumi tun ba a yi jihadi ba, tun zamanin sarakunan Haɓe, kuma hannun Inna Kulu ne a kanta. Ga kaji na tono a gindin rijiya, ga hayaƙin murhu, ga rediyon maƙwabta na ta zuba, ni kuma ina tsaye riƙe da abin da wata mace ta rubuta a gidan nan tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba, kuma abin mamaki daɗi na ji.

Ga yadda ta ba ni labarin, yadda ita ma tata gwaggon ta ba ta. Ban ce miki duka haka ya faru ba, ke ce 'yar tarihi, sai ki tace. Mahaifin Inna Kulu malami ne a unguwar nan. Ya koya mata abin da ake koya wa 'ya'ya mata a lokacin, surorin da za ta yi salla da su, shi ke nan. Sai idonsa ya fara mutuwa, 'ya'yansa maza kuma sun tafi gabas neman ilimi. Dole ta sa ya zaunar da ita ya koya mata ta zama idonsa, tana karanta masa yana fassara mata. Da haka ta sauke littattafan da maza ke shekaru suna bi. Gari kuwa ya ɗauka. Wasu suka ce macen da ta iya alƙalami laya za ta rubuta ta mallake miji. Wasu suka ce zare zai yanke a Zariya in mata suka ajiye mazari suka ɗauki takarda. Mata 'yan'uwanta ma ba su ƙyale ta ba, in ta shiga gidan biki sai a yi ta kiranta Malam ana shewa, ana tambayarta ina ta baro rawaninta. Akwai malaman da suka tsaya mata, suka ce wajibcin neman sani bai tsallake mace ba. Amma su a zaure suke faɗa, ba su ne ke zama da ita a gidan biki ba.

Da mahaifinta ya rasu littattafai suka koma hannun maza, ita kuma aure ya kawo ta gidan nan. Ba ta yi rigima da kowa ba. Ta roƙi wanta ya riƙa ara mata falle ɗaya-ɗaya, ta yi kaɗi ta ba fatake zare su ba ta takarda, ta dafa tawadarta, ta kwafe littafi guda da hannunta, ta sa masa fassara don waɗanda ba su jin Larabci. Sannan ta yi abin da har yau in na tuna sai in girgiza kai. Mace ba ta isa ta rataya gafaka ta ratsa unguwa ba, matan aure kuma ba sa fita. Amma tsofaffi masu dillancin zare suna shiga kowane gida, kuma ba namijin da zai tsaya binciken taskirar tsohuwa. Sai falle ya riƙa tafiya a ƙarƙashin auduga. Wannan yana gidan nan, wancan yana wajen Ƙofar Kuyambana, wani ya kai Ƙofar Gayan, littafi ɗaya ana karanta shi a gidaje da yawa a lokaci guda, hannu na murza mazari. In falle ya tsufa a hannunki, ke za ki sake kwafe shi ki sa sunanki a gefe, a binne tsohon a wuri mai tsabta. Kafin azumi kuma kowa ya dawo da nasa, a jera a duba, bayan ƙaramar salla a sake raba su. Haka ya yi ta sabunta kansa har ya iso hannun Gwaggo. Ki tsaya ki yi tunani, matan da ake cewa ba su san komai ba sun riƙe makaranta guda a cikin kwandon auduga, sarauta ta canza hannu, Turawa suka zo suka tafi, ita tana nan.

Na ce ta ara mini. Ta ba ni falle ɗaya na babin tsarki. Ni kuwa malamar makaranta, na yi allo, na iya ajami, kafin la'asar na haddace shi. Da safe na kai mata ina jiran yabo, har ina ba ta shawara ta riƙa ba ni da yawa-yawa don kada mu ɓata lokaci. Ko hannu ba ta miƙo ba. Ta ce, "Wa kika karanta wa?" Na ce ai ni na karanta, na kuma gane. Ta ce to ban gama ba, in koma da shi. Ashe ƙa'idar ke nan tun daga Inna Kulu, falle ba ya komawa gafaka sai wadda ta ara ta karanta wa wata mace, ta bayyana mata har ta fahimta.

Na fita raina a ɓace na leƙa ta katanga na kira Laraba, maƙwabciyarmu, wadda kika sani yanzu da Hajiya Laraba. Lokacin tana da ɗanyen goyo. Na zuba mata karatu kamar ina gaban 'yan aji, ta saurara, sannan ta tambaye ni abin da ya shafe ta ita kanta a kan wankan biƙi da lokacin da salla ke komawa kanta. Amsar tana cikin fallen da ke hannuna, amma na kasa ciro ta, don haddacewa na yi, ban tauna ba. Sai da na yi ta zirga-zirga tsakanin ɗakin Gwaggo da katangar Laraba kafin fallen nan ya koma gafaka, kuma a nan amincinmu da ita ya samo asali. Can inda za ki, za a koya miki manyan kalmomi masu cika baki, kuma na san ki da son su, gado kika yi. Duk abin da kika karanta, ki gwada faɗarsa da Hausar da Hajiya Laraba za ta gane. In kin kasa, ki koma ki sake zama da shi.

Babbar wautar kuwa sai da na girma na yi ta, kina goye a bayana, an ba ni shugabancin makaranta, ina jin ba abin da ya gagare ni gyarawa. Idon Gwaggo ya yi rauni, ta miƙa mini riƙon gafaka. Daminar shekarar soron ɗakinta ya yi yoyo, danshi ya taɓa kusurwar wasu fallaye. Hankalina ya tashi. Na dinga auno gara, da gobara, da yaron da zai yaga ya yi jirgi, da matar da za ta yi ƙaura da falle a cikin kayanta. Na ce abu mai daraja irin wannan a bar shi yana yawo a warwatse kamar takardar ƙunshin ƙosai? Da aka tara fallaye kafin azumi, littafi ya cika, sai na naɗe shi a gyale na hau mota zuwa Sabon Gari wajen mai ɗinka mana littattafan makaranta. Ban gaya wa kowa ba, so nake in ba Gwaggo mamaki. Na ce masa ya yi aikin da bai taɓa yi ba. Bawan Allah ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ɗinke, ya shafa gam, ya sa koren bango mai ruwan zinariya. Da ya ga fallayen wani ya fi wani faɗi, sai ya sa su a injin yanka ya daidaita bakinsu, yadda yake yi wa kowane littafi.

Na kawo mata ina ta murmushi, na ɗora mata a cinya. Ta shafa bangon, ta juya shi, ta bi bakin takardun da babban yatsa, sumul. Sannan ta ce, "Ya yi kyau, Amarya. To in Laraba ta aiko, wanne zan ba ta?"

Wallahi sai a lokacin na gane abin da na yi. Kafin in buɗe baki ta buɗe littafin ta kai shi kusa da idonta tana neman gefe, ta tambaye ni ina sunayen. Injin ya tafi da su. Wani ya bar rabin harafi, wani ko alama. Matan da suka tsugunna suka kwafe fallayen nan, wasu da ciki, wasu da goyo, sun ratsa zamani bayan zamani lafiya, sai ni mai takardar shaidar koyarwa na share su da rana tsaka, don ƙauna. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta sa na ɗauko biro, ta riƙa jin farkon kowane falle tana faɗa mini sunan mai shi. Ta tuna da yawa. Wasu kuwa ta yi ta juya su a baki, ta ce sun tafi.

Bayan salla mata suka fara aikowa. Mu ba wa? In an ba ɗaya duka, sauran su zauna. Muka gwada zagayawa da shi gida-gida, amma littafi mai ruwan zinariya ba ya shiga taskira, kuma kowace tsoron riƙe shi take kada wani abu ya same shi a hannunta. A hankali aike ya ragu, ya tsaya. Makarantun Islamiyya na matan aure suka buɗe a unguwa, alhamdu lillahi, kowa ta kama zuwa can. Da Gwaggo ta rasu, wan babanki, Malam Babba, ya ga littafin, ya yaba ƙwarai, ya ce irin wannan ai sai kantar littattafai. Ya sa shi a zaure cikin littattafansa, inda ɗalibai maza ke zaune tun safe. Yana cikin gidanmu, amma da a Kano yake da na fi saurin kai hannu gare shi. A can kika gan shi, ke da ba ki jin kunyar ratsa zaure.

Don haka ki ji ni da kyau. Kafin ki yi wa mutane alheri, ki tambaye su. In kika ga abu ya daɗe yana tafiya a wata siffa da ta yi miki kama da sakaci, ki fara neman dalilin siffar kafin ki ɗauko zare da allura. Mu masu ɗan ilimin boko wannan ce cutarmu, hannunmu ya fi kunnenmu sauri.

Ban ce hujjarki ba ta da ƙarfi ba. Gara gaskiya ce, yoyo gaskiya ne, kuma na san mutanen can za su riƙe shi da mutunci fiye da yadda na riƙe shi. Na yi ta juya maganar har na rame, babanki ya ɗauka ciwon sugana ne ya tashi. Amma duk ta inda na ɓullo sai in ga ɗaki mai sanyin nan ɗinki ne na biyu, wanda ya fi nawa kyau, ya kuma fi nawa ƙarfi. Hotuna kin ɗauka, shafi-shafi, ki ba su su ajiye, duniya ta gani, ina alfahari da hakan. Littafin kuwa ba zai je ba.

Ba zai ma iya zuwa ba, don ba ya wuri ɗaya yanzu. Lokacin da kike ta kai-kawon biza a Abuja, na aiki babanki wajen Malam Babba ya roƙo mini shi. Ina ta shirya hujjojin da zan kare kaina, sai ga shi ya aiko da shi nan take, wai ai ya ɗauka mun gama da shi ne. Na kira Hajiya Laraba, muka shimfiɗa tabarma a inuwa, na ɗauko reza. Na yanke zaren nan ɗaya bayan ɗaya, muka riƙa kanga gam ɗin a tururin butar shayi har ya saki. Wasu sun ɗan yage a gindi, ba yadda muka iya. Da falle na farko ya rabu ya kwanta shi kaɗai a tafin hannuna, Laraba ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Ita ta fara ara. Jikarta mai karatun likita ta ɗauki na biyu, ta ce a cikin jakar kwamfuta za ta sa shi, za ta karanta wa wata mai jinya. Sauran suna ta fita, har 'yan Islamiyya sun fara aikowa.

Muna cikin warwarewa na iso wani ɗan falle a babin salla. Duk littafin shi ya fi tsufa, kuma shi ya fi lafiya. Ƙanƙantarsa ta sa injin bai kai gare shi ba, sunan Inna Kulu na nan a gefe da hannunta. Hukuncin sallar matafiyi ne, yadda ake yin ƙasaru, da inda ake farawa, da lokacin da mutum zai koma cikawa in ya yi niyyar zama. Bai lalace ba ne don ba a cika aronsa ba. Ina matan kulle za su? Sai jefi-jefi mai niyyar Makka ta karɓa ta duba ta maido. Ina riƙe da shi sai maganar Gwaggo ta dawo mini. Ta ce lokacin da Inna Kulu ke kwafar littafin, wanta ya ba ta shawara ta tsallake wannan wuri, takarda na wuya, mace kuma tafiyarta daga gidan uba sai gidan miji sai kushewa. Ta ce masa, "Bar shi. Wata za ta yi tafiya."

Ummi, matar nan ba ta taɓa fita ganuwa ba. Dutsen Kufena ma daga tsakar gida take hango shi. Amma ta zauna ta kaɗa zare ta musanya da takarda, ta rubuta hukuncin tafiya don wata da ba ta sani ba, ta ajiye mata. Na rasa irin wannan zuciya, na rasa irin wannan hange. Na zauna a kan tabarmar nan na yi ta tasbihi.

Ki duba aljihun cikin jakarki, za ki ga fata biyu a ɗaure. Yana ciki. Na san kina da hukuncin a wayarki, har da muryar malamai, ba sai kin gaya mini ba. Aro ne aka ba ki, bisa ƙa'ida, kamar kowa. Kada ki sa shi a gilashi, kada ki ba kowa ajiya. Ki wanke hannu ki karanta shi, ki yi aiki da shi a hanya. In kin sauka ki nemi mace guda, ko 'yar wace ƙasa ce, ki karanta mata ki bayyana mata har ta gane. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba don a ajiye aka rubuta shi ba, kuma ya daɗe yana jira.

Ba a aiko da falle ta gidan waya, ba a ba wani saƙo. Wadda ta ara ita ke maidowa da hannunta. Kafin nan, duk matar da ta bi babin salla za ta iso ƙasan wani falle ta ga kalmar da ke nuna na gaba, ta nema ta rasa. Za ta aiko ta tambaye ni, ni kuma in ce mata yana wajen Ummi, ta yi tafiya, za ta dawo. Kada ki sa in yi wa matan unguwa ƙarya.

Allah ya kiyaye hanya, ya kiyaye masauki. Allah ya tsare miki addininki da lafiyarki da mutuncinki, ya buɗe miki ƙirji, ya sa abin da za ki koyo ya amfani waɗanda kika bari. Allah ya jiƙan Inna Kulu da Gwaggo Dije, da waɗanda muka tuna sunansu da waɗanda suka ɓace a hannuna. Babanki na sa miki albarka, ni ma na sa miki, na yafe miki duniya da lahira. Na ba Allah ajiyarki, shi ajiyarsa ba ta ɓata. Ya dawo mini da ku lafiya, ke da abin da ke hannunki.

Wassalam.

Mahaifiyarki